Jan Layi

Ƙanena Sagiru ne ya shigo da shi cikin kwali
daga kasuwar waya, ranar wata Laraba,
baƙi, zagayayye kamar faifan rufe tuwo.
Yara suka leƙa, suka ce Kunkuru.
Sunan ya bi shi, shi ma bai musa ba.

Daren farko yawo kawai ya yi,
kamar baƙon da ya sauka a Kwari bai san layi ba:
ya dunguri ƙafar kujera, ya ja da baya,
ya shinshina gindin firij,
ya kutsa ƙarƙashin gado ya turo ɗan kunnen
da na yi wata bakwai ina zargin Tasalla a kansa.
Na aika mata da turmin atamfa, ban ce komai ba.

Da safe sai ga gidanmu a cikin waya:
falo shuɗi, kicin ruwan ɗorawa,
baranda siririya kamar tsinken tsire.
Shekara goma sha tara ina zaune a Gwammaja
ban taɓa ganin ɗakina daga sama ba,
yadda shirwa ke ganinsa.

Baffa dai bai aminta ba.
Yana kan buzunsa a kusurwar gabas,
rediyo a gefe, goro a marfin kwano,
ya ce, abin da ba shi da ido amma ya san hanya,
ku raba ni da shi.
Kwana uku tsakani carbinsa ya tsinke,
Kunkuru ya haɗiye ƙwaya huɗu kafin a ankara.
Ranar gidan bai zaunu ba.

Sagiru ya ɗauki waya,
ya zana jan layi da ɗan yatsa kewaye da buzun,
taku uku a tsaye, biyu a kwance.
Ya ce, daga yau nan ba hurumin ka ba ne.

Tun daga nan, ƙarfe goma na hantsi,
sai ya taho yana gurnani a hankali,
ya zo daf da gefen buzu, ya tsaya cak,
ya juya kamar mai gaida babba.
Baffa ya dube shi ta saman tabarau:
wannan ya fi wasu jikokina ladabi.
Har ya fara ce masa sannu da aiki.
In an ɗauke wuta ya ɓace wa makwancinsa,
yana kuka a tsakar falo,
Baffa ne ke tura shi da sanda, sannu sannu,
yana cewa, bi nan, ɗan nema.

Cikin damina aka kai Baffa Ɗandolo.
An naɗe buzun, an ba ladanin unguwa.
Rediyon yana wajen Tasalla.
Masu ta'aziyya sun watse, an mayar da tabarmin aro,
tayil ɗin kusurwar ya fito fes
kamar ba a taɓa zama a kai ba.

Amma Kunkuru ba wanda ya yi masa gaisuwa.
Ƙarfe goma yana tahowa,
ya zo daidai inda gefen buzu yake a da,
ya tsaya.
Ya juya.
Ƙura ta kwanta a wurin, taku uku, taku biyu,
har da kusurwoyinta.

Jiya Sagiru ya miƙo min waya:
Yaya, nan za ki danna, goge, shi ke nan.
Na dubi jan layin.
Na ce masa miya tana kan wuta.

Da ya fita na ɗauko tsintsiyar laushi,
na cire takalmi a bakin layin,
na durƙusa.