Hasken Masu Gudu

Ƙarfe biyun dare a Tudun Nufawa,
an ɗauke wuta tun magariba,
batirin kwamfuta saura kashi goma sha tara,
ni kuwa ina leƙen cikin wata tukunya
da ke can ƙetaren teku,
wadda zafinta ya fi na cibiyar rana.

Na ce tukunya, amma awarwaro ne,
na ƙarfe, ya kai girman zaure.
Maganaɗisu ya sa wa wutar linzami,
tana zagaye, ba ta taɓa bango.
A nan ake lallashin ƙwayar zarra ta rungumi 'yar'uwarta
ko a samu lantarkin da ba ya hayaƙi.
Ni nawa aikin gadi ne.
Masu gudu nake nema.

Babana Tanimu, mai walda a Fanteka,
shi ya fara nuna min filasma
bai san sunanta ba:
shuɗin nan mai tsalle tsakanin sanda da ƙarfe.
Ya ce, "Kubura, ba a haɗa ido da ita.
Ungo baƙin gilashi.
A launi ake gane ƙarfen da zai ɓule."

Ƙwayar lantarki cikin cunkoso take rayuwa,
kamar mai ratsa Kasuwar Barci da yamma,
wannan ya bangaje ta, wancan ya take mata ƙafa.
Amma akwai gudun da in ta kai shi
kafaɗu sun daina samunta.
Karo ya ragu, sauri ya ƙaru,
saurin ya sake rage karo.
Ta hankaɗi wata, ita ma ta arce,
kafin ƙiftawa sun zama garke,
in suka afka wa bango
sai ya narke kamar kitse a tukuba.

Ba a ganinsu, babu idon da zai iya.
Sai dai maganaɗisu na tilasta musu shan kwana,
kuma duk mai kwana da irin wannan gudu
dole ya zubar da haske,
siriri, gaba kawai,
kamar fitilar babur a kwanar Kawo:
ya nufo ka, ta kashe maka ido,
ya ba ka baya, duhu.
Shi ya sa a hoton kyamara
gefe ɗaya na awarwaron ke ci,
wani ɗan jinjirin wata.
Daga kaurinsa nake lissafa ƙarfinsu,
daga karkatarsa, inda suka dosa.
In kuwa irin hasken da ake hoton ƙashi da shi
ya yi tsiri a kan allo,
na makara, sun ci bango.

Ƙanena Sallau, bana shekara shida.
Kowace tafiyarsa ta fi ta baya nisa:
Zariya, Agadas,
sai wani gari da lambarsa ba ta shiga.
Da faɗa muke riƙe shi,
har ya kai inda faɗan ba ya isa.
Jefi-jefi waya kan yi ƙara sau ɗaya,
baƙuwar lamba, ta katse.
Inna ta ce kuskure ne.
Ban musa mata ba,
amma na san wannan lissafin:
sai mai shan kwana ke haske,
sai wanda ya fuskanto ka kake gani.

Saura kashi huɗu.
Janaretan maƙwabci ya yi tari, ya mutu.
Na rubuta wa Didam, abokin aikina:
"Sun fara tun kafin wutar ta girgiza.
A fesa musu iska mai nauyi da wuri,
a mayar da cunkoso,
su samu kafaɗar da za su yi karo da ita."

Na rufe kwamfuta.
Wayar kuwa na ajiye ta bakin tabarma,
fuskarta sama.