Waƙafi Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Mabera,
fanka na juya zafi kamar tuwo.
Nuratu ta bugo daga kantin magani:
rasit ya ƙi fita.

Na buɗe baƙin allo,
na buga umarni, na kutsa cikin kwantena
tana tsaka da aiki,
kamar mai toshe kwalekwale a tsakiyar Rima
fasinja na zaune.

Ciki ba fitila, ba ko abin gyara rubutu.
Na yi ta lalube, kundi bayan kundi,
sai ga fayil ɗin saiti:
waƙafi ɗaya
ya zauna inda ba a gayyace shi ba.

Na kwafo fayil waje, na tsince shi,
na mayar. Aka ce ba ni da izini.
Na sauya mai shi, ƙofa ta buɗe.
Rasit ya fito.

Da asuba aka ɗauke wuta.
Kwantena ta sake haifar kanta daga zubin farko,
waƙafin nan daram.

Ashe a rairayi na yi rubutu.
Kakana baduku kan ce
in takalmi ya karkace, tuhumi ma'auni.

Na ɗora shayi.
Waya na ƙara.