Amsar Tsohon Akawu

Kin zo hutu daga Birnin Kebbi, Keziya,
Kin tarar da ni a gindin ɗorawa, nan Dabai,
Tabarau a hanci, Littafi a cinya,
Kika sauke jaka kika ɗauko tambaya.

"Kaka, me ya sa ka amince da shi?
Ba hannun mutane ne ya rubuta ba?"
Zauna. Kore kajin nan daga kan dawa.
Amsar nan a sannu ake bin ta, kamar hanya mai ƙaya.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina akawu
A kotun Zuru, alƙalami a hannuna.
Na rubuta rikicin gona, na saniya, na gado,
Har kunnena ya haddace muryar ƙarya.

Shaidun da aka saya a bayan kasuwa
Bakinsu ɗaya ne, kamar an auna su da mudu,
Kalma kan kalma, har wurin da za su yi tari.
In kin ji haka, nemi wanda ya biya.

To, huɗun da suka ba da labarin Almasihu,
Wannan ya ambaci mala'ika guda a kabari, wancan biyu,
Wani ya tsaya kusa, wani ya bi masu gani yana bincike.
Kowa da ƙofar da ya shiga, ɗakin kuwa ɗaya.

Kin taɓa jin maroƙi ya faɗi aibin mai gidansa?
Littafin nan bai rufa wa Dauda asiri ba,
Ya faɗi matar, ya faɗi mijin da aka tura bakin dāga.
Bitrus ma, babba a cikinsu,
An rubuta daren da ya yi musu har zakara ya tona shi.
Mai ƙaga labari ba ya saya wa kansa kunya.

Wa ya fara ganin kabarin a buɗe? Mata,
A zamanin da maganarsu ba ta da nauyi gaban alƙali.
Da ni ne mai shirya ƙarar, dattawa zan jero masu furfura.
Su kuwa suka bar shi yadda ya faru, ko za a yi musu dariya.

Ishaya ya daɗe da kwanta dama
Kafin a haifi wanda ya kwatanta raunukansa.
Makiyayi ya rubuta, sarki ya rubuta, masunci, likita,
Ba su taɓa sa hannu a akushi ɗaya ba,
Amma zaren bai tsinke ba. Wa ke riƙe da ƙoshiya?

Na ga mai shaidar zur ya janye don tsoron wata uku.
Waɗannan an yi musu bulala, an jefe su,
Ba gona suka samu ba, balle rawani,
Ba su sauya baki ba har takobi ya hau wuya.

Ba zan ce miki na gane duka ba.
Lissafin zuriya yakan sa ni gyangyaɗi,
Akwai kuma tambayar da na sa a ajiya.

Saura ɗaya, wadda kakarki kaɗai ta sani.
Wata damina na karɓi buhun gero biyu,
Takardar gonar wata gwauruwa ta ɓata a hannuna.
Ba wanda ya gani. Da dare na buɗe Littafin don in samu barci,
Sai ya tsare ni kamar ɗan sanda a mararraba,
Ya karanto mini abin da na binne a zuciya.

Ni da ke rubuta laifin mutane, aka karanta nawa.
Na ɗora geron a keke tun kafin asuba,
Takardar ta fito, matar ta noma gonarta.
Tawada kaɗai ba ta tashin mutum daga shimfiɗa, Keziya.

Ungo shi. Bangon ya yage, yi masa a hankali.
Ba a yanke wa shaida hukunci sai an saurare shi.
Tuwo ya sauka, ga kakarki can tana ɗaga murya.