Awartaki a Ƙarƙashin Wake

Baba Ilu ya ce, "Zinatu, shekara uku kina Dutse,
kuɗin garma nawa ya tafi a takarda?
Faɗa mini abu ɗaya da kika iya."
Yana gaban uwar maƙera, ƙafa guda a miƙe,
Barau na zuga, gawayi na tartsatsi.

Na ce, "Baba, akwai maƙeri a gonarmu ta gabas
wanda ido bai taɓa gani ba."
Barau ya saki zuga-zugi don dariya.

Na ce, takin awakin da muka zuba da bazara
ba ya shiga bakin shuka haka nan.
Abincin da ke cikinsa, fosfet ake kiransa,
ɗaure yake a jikin ruɓaɓɓen kara da ganye,
ɗauri irin wanda, in an bar shi shi da ruwa kawai,
duwatsun Dutse za su riga shi narkewa.

Saiwar wake ta ji yunwa
sai ta fito da ma'aikacinta, inzayim.
Shi kuwa ba ya taɓa komai hannu sake.
A ƙirjinsa akwai ƙwayar ƙarfe biyu,
wani na riƙe da tutiya, wani baƙin ƙarfe,
kusa da juna kamar leɓɓan awartakinka.

Su cafki fosfet ta kunne biyu,
su ja, su ja, har tsakiyarsa ta yi laushi.
Ɗayan ya kamo ɗigon ruwa,
ya fizge masa ɓangare, ya bar shi da kaifi.
Ruwan nan shi ne masaba.
Bugu ɗaya.
Ɗaurin ya tsinke, saiwa ta sha,
awartaki ya buɗe baki, ya jira na gaba.

Baba bai ce komai ba.
Ya zaro bakin fartanya ja wur daga wuta,
ya juya ta, ya duba, ya mayar.

"In aka cire masa ƙarfen fa?"

Na ce, sai ya zauna kamar kai ran da aka ari awartakinka
aka tafi da shi Shuwarin:
ga wuta, ga gawayi, ga ƙarfe ya nuna,
ba abin kamawa.

"Kwana biyu ban yi ko allura ba," in ji shi.
"Kuma ba ya ƙonewa, wannan naki?"

Ba ya ƙonewa, Baba. Ko gumi ba ya yi.

Ya yi tsaki, ya ce wannan ba ɗan gado ba ne.

Amma da yamma, da muka bi ta gonar,
na ga ya tsaya a kunyar wake,
ya durƙusa, ya tona da ɗan yatsa,
ya daɗe yana kallon farar saiwa da ƙasa a jikinta.
Sannan ya rufe a hankali, ya danna da tafi,
yadda yake rufe garwashi da toka
in yana so ya kwana da rai.