Ina Hantar?

Na iso Kosti da hoton wata takarda cikin leda.
Hoto kawai. Ita kanta tana can ƙasar sanyi,
an matse ta tsakanin gilashi biyu,
faɗinta bai kai tafin hannuna ba.

Kawu Nomau na bakin Farin Nilu,
laka har gwiwa, lauje a dama,
yana saran bardi, ciyawar tabarma.
Na ce, Kawu, da wannan aka yi ta.
Ya dubi ciyawar, ya dubi hoton:
"Shekara arba'in ina kwana a kanta,
ko gaisuwa ba ta taɓa yi mini ba."

Ustaz Girgis ne ya koya mini baƙaƙen Yunanawa
a Khartoum, ɗakin sama, fanka na kuka ba iska.
Ya ce a juji ake tsintar irinsu,
wasu kuma an jiƙa su, an liƙa,
an yi wa gawa rigar ƙirji da su.
Wasan ban dariya, kwance kan zuciyar mamaci,
shekara dubu biyu, ba wanda ya ƙyalƙyale.

Layi tara ne. Uku ba kai,
biyu ƙwari sun ci musu wutsiya.
Na tsuguna kan kifaffen kwalekwale na karanta.
Kuku ne, an ɗauko shi haya don biki:
"Na yanka tunkiyar, maigida, amma tun kafin wuƙa"
sai rami.
"ƙashi da fata, ko ungulu"
sai rami.
Tsoho mai rowa ya daka tsawa:
"Ɓarawo, ina hantar?"
Kuku ya ce, "Hantar ai"

Nan ta yage.

Kawu ya ce, "Ci gaba mana."
Na ce iyakarta ke nan.
"Tun wancan zamani bakinsa buɗe?
Ƙuda bai shiga ba?"
Ya soke lauje a laka, ya gyara wuyan riga,
ya durƙusa gaban tsohon da babu shi:
"Hantar ai, ranka ya daɗe, ba ta zo da ita ba.
Yunwar gidanka ta sa ta cinye abarta tun bara."

Batul mai shayi ta shaƙe da hayaƙin gawayi.
Masunta biyu suka saki raga,
ɗaya ya ce ya san tsohon, yana da shago a kasuwa.

Na ce ba a yarda ba, Kawu.
Mu a sana'armu ɗigo muke sa wa abin da ya ɓace.
Gurbin haruffa goma sha ɗaya ne, na auna.
Ya yi shiru, kamar mai jiran kifi ya ja.
"To rubuta: mage ta cinye."
Na ƙirga a boko, yatsu goma suka ƙare,
na ari ɗaya a ƙafa.
Cif.

Da dare ba wuta.
Na kunna waya, na sake jin saƙon Ustaz na ƙarshe,
na ranar da muka fita Khartoum ba sallama.
Yana dariya, bayansa ana luguden wuta:
"Tasalla, na gane layi na bakwai, kalmar nan ashe"
Daƙiƙa shida. Lambar ba ta shiga tun daga nan.

Ban auna wannan gurbin ba.

Na kwanta kan tabarmar Kawu, sabuwa, tana ƙanshin kogi.
Da asuba saƙarta ta fito a kumatuna,
layi-layi, tsaye da kwance.
Kawu ya kama haɓata, ya karkata ta wajen haske,
ya ce shi ma yau zai yi karatu.

A littafina ɗigo goma sha ɗaya na jera, yadda aka koya mini.
Can gefe, da fensir, ƙanana sosai,
na rubuta: mage.