Safar Hannun Luce

A tsibirin Mljet aka yanke mata cibiya.
Wata uku da haihuwa tafin ƙafarta ya yi ja
kamar ta taka garwashi a mafarki.
Uwarta ta ce zafin bazara ne.
Ni ban tanka ba, na fita gyaran koma,
don na san jan nan,
na gan shi a hannun kakana Baldo.

Kafin ta cika bakwai fatar ta yi kauri,
rawaya kamar kakin zuma.
Ta cinye tafi, ta haura bayan yatsu,
ta ja jan layi a wuyan hannu ta tsaya,
sai ka ce safa aka ɗinka mata da nama.
Gwiwa ta sami rabonta, farce ya yi kanta.
Gumi ba ya yankewa, wari na biye da shi,
yaran makaranta kuwa ba su san kara ba.
In hunturu ya shigo, faso ya buɗe baki,
ta riƙe fensir tana cije leɓe.

Likitar Dubrovnik ta juya hannuna: sumul.
Ta juya na Nike: sumul.
Ta zube wake huɗu a tebur, ɗaya baƙi.
Ta ce, kowannenku rabin maganar yake ɗauke da shi,
rabi ba ya furta kansa
sai ya gamu da ɗan'uwansa.
Kowane ciki kuma sabuwar ƙuri'a ce,
wake bai tuna abin da ya faɗo bara.

Tsibirinmu ƙanƙane ne.
Bi dangin duk wanda ka ga dama,
a ƙofar gidanku za ka tsinci kanka.

Kakana, kuturu baƙi suka kira shi,
'yan jirgin ruwa suka ƙi karɓar gaisuwarsa.
Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka.
Da hannun ya dasa zaitun ɗin da muke ci.

Kullum dare ina jiƙa ƙafarta a ruwan ɗumi,
in goge kaushin da dutse, in shafe da mai.
Jiya ta kalli cikin uwarta, ta kalle ni.
Na ce ban sani ba, Luce.
Ta ce, in ya zo da irin nawa
ni zan koya masa ɗaure igiyar takalmi,
akwai dabara.

Sannan ta miƙo mini ɗaya ƙafar.