Tebur Uku a Rumfar Mek Limah

Tun la'asar ruwa ya tsuge a Dungun,
kwanon rufi na kuka kamar ana zuba masa tsakuwa.
Mu tara ne, mota ɗaya da babur biyu,
muka shigo a jiƙe, muka haɗa tebur uku na roba.
Ɗaya gurgu ne.
Kawu Mazlan ya ninke kwali ya tokare masa ƙafa.

Fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi.
Kyanwa mai guntun bindi ta riga mu zama,
ta san inda ƙaya ke faɗuwa.

Kaka Sepiah muka ba gefen bango, inda feshi ba ya kai.
Wata uku ke nan bakinta ya rufe,
tun da aka sallamo ta daga asibiti:
cokali biyu na kunu, sai ta kau da kai.
"Ni rakiya na yo," in ji ta,
ta harɗe hannu a kan jakarta.

Mek Limah ba ta riƙe biro.
Tana tsaye, tsumma a kafaɗa,
mu tara muna magana lokaci guda,
ta haddace mu tsaf, har da mai cewa ban da albasa.

Sai ga shinkafa mai ƙamshin madarar kwakwa,
ga kifi kwance cikin ganyen ayaba,
gefensa ya ƙone kaɗan, yadda ake so,
ga tsire da romon gyaɗa,
ɗanyen ganye, kokwamba, ƙwai rabi-rabi,
ga budu a ɗan tasa, warinsa ya riga shi isowa,
ga sambal, ja wur, yana jiran mai ƙarar kwana.
Can yaron shago na jan shayi daga kofi zuwa kofi,
igiyar ruwan kasa da ba ta tsinkewa.

Buta ta zagaya, muka wanke hannu.
Haziq ya yi kurin cin yaji,
loma uku, hawaye har haɓa.
Suhaila na cire wa 'yarta ƙaya
tana ba da labarin shugabanta na ofis,
ba mai saurare, ba ta kuma daina ba.
Baba da Kawu sun koma kan iyakar gonar roba,
rigimar da ta girme ni.

Ban san yaushe ba ne.
Na dai ga yatsa ɗaya, siriri, mai rawa,
ya sauka cikin sambal.
Kaka ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.
"Tsamiya ta yi kaɗan. Yarinyar nan gaggawa gare ta."
Yarinyar nan, Mek Limah, mai jikoki huɗu!
Ta sake ɗanɗanawa don ta tabbatar da laifin.
Sai ta jawo kan kifin gabanta.

Inna ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur:
kar ki kalla.
Duk muka duƙufa kan faranti,
Baba ya ƙara murya kan maganar gona,
idonsa kuwa ya cika,
ya ce yaji ne.

Ta cinye kumatun kifin, ta tsotse ƙashi,
ta ce a ƙaro shinkafa, rabin ludayi,
ta jefa wa kyanwa abin da ya saura.

Da aka zo biya, yaƙi ya tashi kamar kullum.
Baba ya zaro walat, Kawu ya riƙe masa hannu,
rantsuwa na bin rantsuwa.
Mek Limah ta goge tebur, ta ce, "Kun makara.
Tsohuwa ta biya tun da ta ce za ta wanke hannu."
Ringgit masu laushi, daga ƙullin hankici,
waɗanda ta ajiye ban san don wace rana ba.

Ruwa bai ɗauke ba.
Na riƙa mata lema har mota,
hannunta na warin budu da lemun tsami.
Ta ce, "Juma'a mu dawo.
Zan kawo mata tsamiya."